Ranar da But Ya Riƙe Lefe a Kwanar Dangora

Wata Asabar da hantsi, muna dab da Kwanar Dangora a hanyarmu daga Kano zuwa Zariya, tayar baya ta hagu ta sace. Ban damu ba. Safaya na nan da iskarta, jak na nan, sifanar kwance taya na nan. Abin da ban lissafa ba shi ne dukansu suna kwance a ƙasan but, ƙarƙashin akwatunan lefen ƙanena, but ɗin kuwa wannan ranar ya zaɓa ya yi gardama.

Na danna rimot. Fitilun baya suka ƙifta sau biyu, marfi ko gezau. Na sake dannawa, na riƙe, na matso kusa kamar zai ji kunyata. Na koma wajen kujerar direba na ja ɗan hannun nan da ke ƙasa kusa da na murfin tanki, ya biyo ni sakayau, ba nauyi ko kaɗan. Sai a lokacin na tuna ya fi shekara da daina aiki, kullum ina cewa sai na samu sarari. Saura makulli. Na zura shi a ramin da ke jikin marfin, ya shiga rabi ya cije. Tun da na sayi motar, shekara huɗu ke nan, ban taɓa sa makulli a ramin nan ba.

Gwaggona ta leƙo ta taga. "Kai ɗan nan, mutane na can sun yi girki suna jiranmu. Wace irin mota ce wannan mai riƙe kayan mutane?"

Kafin ka ce kwabo samari sun taru, kowa da tasa dabarar. Wani ya ce a daki marfin da tafi, wani ya ce a ɗura baƙin mai a ramin makulli, wani har ya ruga ya dawo da cizal da guduma. Mai facin da ke bakin titi, wani dattijo mai furfura a gemu, shi ya tsawata musu. "Alhaji, kar ka bari a sa ƙarfe a motar nan. Kujerarka ta baya tana kwanciya?" Tana kwanciya. Muka fito da su Gwaggo, muka kwantar da jinginar kujerar, muka zaro ƙananan akwatunan ta nan ɗaya bayan ɗaya. Babban ya ƙi fitowa, sai dattijon ya sa yaronsa, wani siriri da bai wuce shekara sha biyu ba, ya kutsa ta gefensa da fitilar waya a hannu. "Duba jikin marfin daga ciki, za ka ga wata 'yar roba fara-fara mai ɗan kore. Ja ta." Muka ji ƙwas, marfi ya ɗaga.

An canza taya, an kai lefe, an karɓa, an rangaɗa guɗa. Ni dai a hanyar dawowa lissafi nake yi. But ɗin motata hanya huɗu gare shi ta buɗewa: rimot, hannun gefen direba, makulli, da 'yar robar nan ta ciki da ban ma san da zamanta ba. Biyu sun mutu tun tuni ban kula ba, don ta ukun tana min aiki. Da ita ma ta gaza sai na tashi ina cewa but ya lalace farat ɗaya, alhali ya daɗe yana lalacewa a hankali, ni ne ban tambaye shi ba. Yawancinmu masu mota haka muke. Muna duba mai, muna duba ruwa, mai ƙoƙari ya duba iskar safaya, amma ba wanda ke duba ƙofar da safayar take bayanta.

Abin da ke bayan shimfiɗar marfi

Ran Litinin na kai motar wajen wani mai wayarin da na daɗe ina hulɗa da shi. Ya sa yaronsa ya ɓalle shimfiɗar da ke lulluɓe da cikin marfin, wadda 'yan maɓallan roba ke riƙe da ita. Abin da ya wahalar da mu a titi ya bayyana, bai ma cika tafin hannu ba.

Ga yadda yake. A jikin marfin akwai wani ƙarfe mai wangalallen baki da ke juyawa a kan ƙusa, mu kira shi ƙugiya. A jikin motar ta ƙasa kuma an ɗaure wani lanƙwasasshen ƙarfe mai kama da harafin U, noti biyu ke riƙe da shi. In ka rufe marfi, ƙarfen nan zai shiga bakin ƙugiya ya tura ta, ta juya ta rungume shi, sai wani ɗan harshe da sifirin ke turawa ya faɗa ya tokare ta don kada ta koma. Ƙarar da kake ji in but ya rufu, faɗawar harshen nan ce. A wasu motocin an juya tsarin, ƙugiya a ƙasa ƙarfe a marfi, amma aikin ɗaya ne.

Buɗe but kuwa bai wuce janye harshen nan ba, kuma duk hanyoyin huɗu abin da suke yi ke nan. Hannun gefen direba yana janye shi da kebul irin na birkin keke, wanda ya bi ta ƙarƙashin kafet tun daga gaba har baya. Makulli yana janye shi da wani siririn sandan ƙarfe. Rimot da madannin da ke saman lambar mota suna aika wuta ga wani ɗan moto ko maganaɗisu, shi ya fizge harshen. 'Yar robar ciki tana da nata gajeren kebul. Sai wani ɗan madanni da ke maƙale a gefe, wanda ke gaya wa fitilar cikin but da dashbod ko marfi a rufe yake ko a buɗe.

Direbobin da suka yi zamani da Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, ba su san wannan kacaniyar ba. Makullin but ɗinta ƙarfe ne zalla, in ya cije a wanke a shafa mai. Motocin yanzu kuwa da yawa an cire musu kebul da ramin makulli gaba ɗaya, sai madanni kawai. Wasu motocin Jamus ma batirinsu a cikin but yake zaune. Batir ya mutu, but ba ya buɗuwa sai da wuta, batirin da za a yi wa caji kuma yana cikin but ɗin. Mai irin wannan mota ya kamata ya san cewa masu ƙerawa sun bar masa wurin jona wuta a ƙarƙashin bonet, tun kafin ranar da zai buƙace shi.

Gwajin farko da mai wayarin ya yi bai ci minti ɗaya ba, kuma kowa zai iya yinsa a ƙofar gidansa. Marfi na buɗe, ya ɗauki sukundireba ya tura tsakiyar ƙarfenta cikin bakin ƙugiya, kamar yadda ƙarfen ƙasa zai shiga. Ƙugiya ta juya, harshe ya kama. Ya jijjiga, ba ta saki ba. Wato ainihin makullin lafiyarsa ƙalau, matsalar tana wajen masu janye harshe. Sai ya ce in bi hanyoyin ɗaya bayan ɗaya, shi yana tsaye yana kallon wacce za ta motsa shi. Duk wanda zai yi wannan gwaji ya tabbata ya saki ƙugiyar kafin ya rufe marfi. In ka buga rufaffiyar ƙugiya a kan ƙarfe, ka sayi gyaran da ba ka zo da shi ba.

Kunne kafin sifana

Da na danna rimot, sai ya kara kunnensa a jikin marfin. Abin da yake saurare amsa ce ɗaya cikin uku: ko shiru, ko gurnanin moto ba tare da an saki ba, ko wata 'yar ƙara mai rauni kamar ta wanda ya tashi daga jinya. Kowacce inda take nunawa daban. Tawa shiru ce.

Shiru na nufin wuta ba ta isa wurin ba, ko ta isa moton ya mutu. A nan mai hankali yakan fara daga abin da ba ya cin kuɗi. Batirin rimot ɗan faifai ne mai volt 3, galibi CR2032. In rimot ɗin yana buɗe ƙofofi daga nesa, ba shi ba ne. Wasu rimot ɗin sai an riƙe madannin but na daƙiƙa ɗaya ko biyu, an yi haka ne don kada ya buɗu a aljihu. Wasu motocin kuma ba sa sakin but in giya ba ta kan P.

Sai wani abu da ya sha cin kuɗin mutane a banza. A ƙasashen da aka ƙera motocin nan dominsu, mutum kan isa otal ya miƙa wa ma'aikaci makulli ya kai masa mota wurin ajiya. Don kada ma'aikacin ya leƙa kayansa, aka yi hanyar toshe but da gangan. A motocin Toyota da yawa, in ka juya makulli a ramin but zuwa hagu har ya kwanta a gicciye ka zare shi a haka, hannun gefen direba ya daina aiki. A Honda Accord ramin makullin yana jikin hannun kansa. A wasu Lexus da Nissan Altima ɗan madanni ne a cikin aljihun gaban mota, inda ake ajiye takardu. Yaro mai wasa ya taɓa shi, ko mai wankin mota ya goge shi da tsumma, shi ke nan but ya yi shiru, maigida ya tafi kasuwa neman sabon makulli. Akwai ma makulli na musamman da ake ba irin wannan ma'aikaci, sau da yawa kansa ruwan toka ne, yana buɗe ƙofa yana ta da mota amma ba ya juyawa a ramin but. Wani ya sayi mota 'yar Beljiyom da wannan makulli kaɗai a hannunsa bai sani ba, yana ta zargin tsatsa.

In an wuce nan sai fiyus. Murfin akwatin fiyus yana da zanen da ke nuna wanne ne na me, launinsu kuma yana faɗin ƙarfinsu: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20. Wanda ya ƙone a mai da irinsa. Al'adar nan ta naɗa silin waya a madadin fiyus, wadda ta zama ruwan dare a garejinmu, ita ce ke mai da ƙaramin gyara gobara. Fiyus ba ya ƙonewa don nishaɗi. In ka sa sabo ya sake ƙonewa, akwai wayar da ta goge tana taɓa bodi, kuma a marfin but kusan kullum wuri ɗaya take.

Can mai wayarin ya nufa. Duk wayoyin da ke zuwa marfi, na makulli da na fitilar lamba da na ribas da na kyamara in akwai, dami ɗaya suke, suna bi ta gindin hinji cikin wata baƙar roba. Duk buɗewa da rufewa sai damin nan ya lanƙwashe ya miƙe, kamar yadda yaro ke lanƙwasa waya gaba da baya har ta tsinke. Zafin rana kuma ya busar da rigar wayar ta yi tauri. Ya zame robar da yatsa, ya kira ni. Waya biyu sun rabu gida biyu, ta uku saura sili biyu ke riƙe da ita, jan ƙarfen ya yi kore. Nan na tuna watanni ke nan fitilar lambata tana kamawa tana ɗaukewa, har an taɓa tsayar da ni da dare a kanta, na canza ƙwai sau biyu ina zagin masu sayar da jabu. Ashe saƙo take kawo min daga gindin hinji.

Gyaran wurin nan yana da ƙa'ida, kuma a nan ake gane gwani. Mai gaggawa zai murɗe bakin wayoyin ya naɗe da salatif a daidai inda suka karye, ka biya ka tafi, bayan wata biyu ka dawo. Shi kuwa yanke duk tsawon da ke lanƙwasawa ya yi, ya sa sabuwar waya mai laushi, ya yi mahaɗin da dalma can nesa da gwiwar hinji inda ba motsi.

Da a ce wayoyin lafiya suke, da sai ya zare soket ɗin makullin ya sa testa, ɗan ƙwan fitilar nan mai tsinke. Wutar volt 12 da ke zuwa wurin ba ta zama, ƙiftawa ɗaya take yi ta ɗauke, don haka sai mutum biyu, ɗaya na dannawa ɗaya na kallo. In testa ta haska amma makulli bai motsa ba, moton ne ya mutu. In ba ta haska ba, a koma baya wajen madanni. Madannin saman lamba roba ce ke rufe da shi, rana takan narkar da ita ta yi danƙo, ruwan wanki ya samu hanya.

Amsa ta biyu, gurnani ba saki, ta fi sauƙin ganewa. Ko haƙoran 'yar giyar roba da ke cikin moton sun cinye, ko maƙalin robar da ke riƙe da sandan ƙarfe ya karye sandan ya faɗi yana lilo. Kafin a kwance komai dai, a sa wani ya danne marfin da hannu biyu yayin da ake danna rimot. In buhun masara ko babban akwati yana tokare da marfi daga ciki, ƙugiya takan matse harshen har ɗan moton ya kasa janye shi. Dannawar nan ke sassauta shi. Amsa ta uku, ƙara mai rauni, ko batirin mota ne ya yi sanyi ko datti ya daskare a ƙugiya. Kananzir da tsohon buroshin haƙori sun isa wanke ta, sannan a shafa farin giris kaɗan, a kauce wa ɗan madannin fitila.

In dai canji ya zama dole, mutum ya cire tsohon ya tafi da shi a hannu, ko Ƙofar Ruwa ce a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ko Ladipo a Legas. Mota iri ɗaya shekara ɗaya takan zo da makulli iri biyu, gwargwadon ƙasar da aka ƙera ta dominta. A ƙirga ƙafafun soket, a kuma sa mai shago ya taɓa shi a batir a ga ya motsa kafin kuɗi su bar aljihu.

Kebul ɗin da na yi shekara ina ɗaga wa ƙafa, kunya ce ta kama ni da aka duba shi. Bai tsinke ba. 'Yar ƙwallon da ke bakinsa ce ta zame daga mazauninta, yaron gareji ya mai da ita da ɗan yatsa ya ɗaure da waya. Hannu in ya zo sakayau, kebul ya fita ko ya tsinke. In ya yi tauri kamar ana jan jaki, tsatsa ce a cikin rigarsa.

Ramin makulli shi ya ɗan ja lokaci. A cikinsa akwai 'yan siraran faranta na tagulla, kowanne da ɗan sifirin ɗinsa, haƙoran makulli ke jera su kafin ya juya. Shekara huɗu ƙurar hunturu na shiga, ruwan damina na bi, ba makullin da ya taɓa motsa su. Baƙin man da saurayin Kwanar Dangora ya so a ɗura zai iya buɗewa a ranar, amma mai da ƙura in sun haɗu laka suke zama. Aka fesa WD-40 har ruwan da ke fitowa ya daina baƙi, ana sa makulli ana zarewa a hankali. Da ya bushe, mai wayarin ya ciro fensir daga bayan kunnensa ya goga bakinsa a haƙoran makullin har suka yi baƙi, ya zura ya juya. Baƙin fensir yana sa santsi, ba ya kuma kama ƙura. Filaya ce kawai bai yarda a kawo kusa ba, don makullin da ya karye a cikin rami ya tashi daga aikinsa ya koma na mai yankan makulli.

Wanda ya ƙi rufuwa

But mai ƙin buɗewa yana tara jama'a. Mai ƙin rufuwa da kyau ba ya tara kowa, shi ya sa ake shekaru da shi, a buga sau uku da ƙarfi a wuce. Galibi ƙarfen ƙasa ne ya goce, musamman in an taɓa dukan motar ta baya mai gyaran bodi ya miƙe ta da ido. Ka duba ƙarfen: inda ƙugiya ke gogarsa zai yi ƙyalli. In ƙyallin yana gefe ɗaya, ba a tsakiya yake shiga ba. Ramukan notinsa dogaye ne da gangan don a iya matsar da shi. A zagaye mazauninsa da alli kafin a sassauta, a matsar da shi kaɗan kaɗan, a gwada. A kusurwoyin marfi kuma akwai 'yan robobi masu murɗawa da ke tsai da tsayinsa, in sun fito da yawa ƙugiya ba za ta kai ba.

Robar da ta zagaye bakin but ana gwada ta da takarda. Ka rufe marfi a kanta ka ja. In ta zare ba gardama, ruwa ma ta nan yake shiga, ya gangara ramin safaya ya kwanta har jak ya yi tsatsa.

Akwai kuma ɓarawon batir. In ɗan madannin fitilar nan bai gane an rufe marfi ba, fitilar cikin but ba za ta mutu ba, kai kuma ba ka gani. Ƙwai mai wat 5 yana jan kusan amfiya 0.4, wato wajen amfiya 10 a kwana guda. Batir mai amfiya 60 in ya yi kwana uku ko huɗu a haka mota na ajiye, da wuya ya ta da inji. Mutane sun sayi sabon batir saboda wannan. Gane shi ba wuya: ka kunna bidiyon wayarka, ka ajiye ta a ciki, ka rufe, ka buɗe, ka kalla.

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga tasha ya san Golf ɗin da but ɗinta ba ya rufuwa sam, an loda buhuna har sun fi rufin tsawo, an ɗaure marfi da igiya ko robar tsohon tib, wani lokaci har da fasinja zaune ƙafafunsa na reto. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988, sun daɗe suna fama da wannan lodi. Ba na ganin laifin direba shi kaɗai, kuɗin mai ne ke masa lissafi. Amma akwai abin da ba a cika faɗa ba. Mota in tana gudu, iskar da ke bayanta juyawa take yi tana komowa, ta kwaso hayaƙin salansa ta tura shi ta buɗaɗɗen but. A cikin hayaƙin akwai iskar kabon monoksaid, ba launi ba wari, tana sa ciwon kai da jiri da barci. Fasinjan baya ya sauka kansa na sarawa ya ce rana ce. Littattafan da ke zuwa da motoci suna gargaɗi a kan tuƙi da but a buɗe saboda wannan.

Asalin 'yar robar nan

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne robar da ta cece mu. Ba ado ba ce, kuma ba kamfanonin mota ne suka wayi gari suka ga dama ba.

A watan Oktoban 1995, a birnin San Francisco na Amurka, 'yan fashi suka tare wata mata mai suna Janette Fennell da mijinta a garejin gidansu, suka tura su cikin but ɗin motarsu da bakin bindiga, jaririnsu ɗan wata tara yana kujerar baya. Aka kai su wani wuri da ba kowa, aka ƙwace kuɗi da katin banki, aka bar su a kulle. Cikin duhu suka yi ta yage shimfiɗar but har suka laluɓo kebul, irin wanda yaron gareji ya mayar min da ɗan yatsa, suka ja. Jaririn an same shi lafiya a ƙofar gida, inda 'yan fashin suka ajiye shi. Matar nan ta ɗauki abin ta mai da shi aikin rayuwarta. Gwamnati ba ta da ƙididdigar waɗanda aka kulle a but, sai ta shiga tattarawa da kanta daga jaridu. Tun a 1984 an taɓa kai wa hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta ƙasar, NHTSA, buƙatar a sa mabuɗi a cikin but, ba ta amince ba.

Sai bazarar 1998 ta zo. Cikin Yuli da Agusta yara 11 suka mutu a cikin but a wurare uku: huɗu a jihar New Mexico, biyu a Pennsylvania, biyar a Utah. Ba wanda ya sace su. Wasa suke, suka shiga, marfi ya rufe. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta bi baya ta ƙirga aƙalla yara 19 da suka mutu haka daga 1987 zuwa 1998, ba wanda ya wuce shekara shida. Ɗan majalisar wakilai daga Michigan, Bart Stupak, yana cikin waɗanda suka tsaya wa maganar a majalisa. A ƙarshe aka kafa ƙa'ida mai lamba 401: duk motar fasinja mai keɓaɓɓen but da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1 ga Satumba, 2001, dole ta zo da mabuɗi a ciki, wanda kuma za a iya gani a duhu. Launin nan fari-fari mai ɗan kore na sinadarin da ke shan haske ne ya riƙa fitar da shi in an rufe.

Mu nan duk motar hannu Beljiyom muke ce mata, tun zamanin da jiragen ruwa ke lodinsu daga tashar Antwerp zuwa Kwatano da Legas. Amma Camry da Accord da Corolla da suka cika titunanmu, da yawansu daga Amurka suka fito, kuma sun zo da robar nan. Takardar da ke manne a jikin ƙofar direba tana nuna wata da shekarar ƙira. Motar da aka yi don Turai ba lallai a samu a cikinta ba, haka ma masu ƙofa a baya irin Golf, waɗanda dokar ba ta shafa ba tunda but ɗinsu a haɗe yake da ciki. A garejin da na je, cikin motocin da ke jiran gyara na ga wadda aka tura robar bayan shimfiɗa don tana lilo, na ga wadda aka canza wa makulli da wanda ba shi da ita sam. Mai motar ma bai san an rage masa komai ba.

Zafin garin da ake yi ranar da yaran Utah suka mutu bai kai na Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ba, inda ma'auni ke haura digiri 40 a inuwa. Jikin ƙaramin yaro kuma yana ɗaukar zafi da sauri, sau uku zuwa biyar fiye da na babba. A Disambar 2021 yara takwas sun rasu a cikin wata mota da aka ajiye a yankin Badagry na Legas. Su ba a but ba ne, a cikin motar ne, amma hanyar ɗaya ce: mota a ajiye ba a kulle ba, yara na wasa. Unguwanninmu kuwa cike suke da motocin da suka shekara a kan duwatsu a ƙofar gida, wurin ɓuya da ya fi kowanne daɗi ga mai wasan ɓoyo.

Kafin in bar gareji, mai wayarin ya sa yaronsa ya rufe but sau huɗu, kowane karo aka buɗe ta hanya daban, na ƙarshe yaron ya kutsa ta kujerar baya ya ja robar. Da daddare bayan sallar isha'i na kira yarana uku wajen motar. Na ɗaga marfi, na haska robar da fitila na ɗan lokaci, na kashe, ta ci gaba da haske ita kaɗai, suka yi ta mamaki. Na sa sukundireba na kulle ƙugiya marfi na buɗe, na ce kowa ya ja ya ji. Babbar ta ja da yatsa biyu. Autan, ɗan shekara huɗu, sai da ya kama da hannu biyu ya cije leɓe kafin ta yi ƙwas.

"Baba, a sake. Amma ni in shiga ciki ka rufe."

Na ce a'a. Na rufe but, na kulle ƙofofin duka huɗu, na shiga ɗaki na rataye makullin a ƙusar da ke saman ƙofa.